Harshen Abuya da Sobiyar Musbahu

Tun daga Bab Makka har bakin teku, Allah bai halicci harshen da ya kai na mahaifina sanin sobiya ba. Wannan ba ra'ayi ba ne, magana ce tabbatacciya, domin shi da kansa ya faɗe ta. A gidanmu na unguwar Ammariyya kuwa, abin da Malam Abdulghaffar ya faɗa bayan sallar magariba ba ya neman shaida.

Ku da ba ku taɓa yin azumi a Jidda ba, bari in taimake ku. Sobiya ruwan sha'ir ne da busasshen burodi. Ana jiƙa su, a zuba hel, ɗan ƙamshin nan da Larabawa suke sa wa gahawa, da kirfa da sukari, a bar su su ɗan nuna, sannan a tace a sa ƙanƙara. Akwai fara, akwai ja, akwai ta tsamiya. Da la'asar ɗin azumi za ku ga dattawa masu gemu suna ture juna a kan layi saboda leda ɗaya, kowa na rantsuwa tasa ta fi, alhali dukansu azumi suke, ba wanda ya ɗanɗana.

A saman benenmu majalisar take zama. Tabarmar roba, matasan jingina da rana ta cinye musu kala, akurkin tattabarun da ba kowa a ciki, da wata tsohuwar fanka mai juya kai kamar tana ƙin yarda da duk abin da ake faɗa. Mutum huɗu ne: Abuya, wato mahaifina, sai Baba Lado, sai Malam Na'ibi, sai Alhaji Mahmudu. Tsarin ba ya canzawa. Su buɗe baki da dabino, su je masallaci, su dawo su hau sama. Wanda yake da kawo sobiya a ranar ya miƙa ta kicin. Inno, mahaifiyata, ta juye a jug, ta ɗora kofin Abuya daban a kan faranti, a kai sama. Abuya ne zai fara kurɓa ya yi jawabi. Baba Lado ya kurɓa ya ƙaryata shi. Sai a zuba wa sauran biyun, waɗanda a lokacin ƙishirwa ta kai su inda za su goyi bayan kowa.

"Wannan," Abuya zai ce, idonsa a lumshe, "sha'irinta ya ga rayuwa. Tana shigowa da sallama, ta tsaya a tsakiyar harshe ta gaishe ka, sannan hel ya biyo baya a guje kamar wanda ya makara ɗaurin aure."

"Ruwan wanke tukunya," in ji Baba Lado.

"Ya Lado, kai da ka sauka ƙasar nan da kunun kanwa a gora?"

"Kunun kanwar ya fi wannan mutunci. Kirfar nan ma ta bara ce."

"Ta bara! Na'ibi, kana jin jahili?"

"Ina ji," in ji Malam Na'ibi. "A zuba mana dai, don girman Allah."

Haka na tashi ina ji, kowace shekara. Yau ko ɗaya daga cikinsu ba ya raye. Sobiya kuma sai ka buɗe firjin kanti ka ɗauko, da takarda a jikinta, ba wanda zai tambaye ka ko ta shigo da sallama.

Baba Lado ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Daga Gumel ya zo aikin hajji tun kafin a haife ni, jirgi ya tashi ya bar shi, da yardarsa. Abuya, wanda a Jidda aka haife shi, aka haifi ubansa, shi ya ɓoye shi a saman benen nan kusa da tattabaru har ya samo masa kafili, wato ɗan ƙasar da zai tsaya masa ya samu iƙama, takardar zama. Daga baya Baba Lado ya buɗe shagon turare a kasuwar Balad, ya yi kuɗi, ya yi ƙiba, ya yi olsa. Kullum da kwalbar farin magani a aljihunsa, likita ya hana shi duk wani abu mai tsami. Godiyar da ya yi wa Abuya kuwa ita ce bai taɓa yarda da shi a kan komai ba.

To, ni Mastura, a azumin 2006 shekaruna ashirin da takwas, na dawo daga jami'a a Kano da digiri a ilimin zamantakewa. A wurin dangi wannan digiri wata doguwar jinya ce da aka yi sa'a ban mutu ba. Gwaggo Turai, yayar Abuya da ke zaune a ƙasan benenmu, ita ta ɗauki nauyin ganin na warke.

"Ya binti, Usman fa," take cewa duk safiya, kamar mai tunasar da shan magani. "Iƙama, mota, aiki a ofis mai sanyi. Uban nasa kamar ubanki ne. Me kike jira, wahayi?"

Usman ɗan Baba Lado ne. Ba zan zalunce shi ba: mutumin kirki ne, mai tsafta, mai ladabi. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ka ɗauka sayen kalmomin yake. Aibinsa ɗaya, da ya fara magana sai in fara tunanin ko na kashe gas.

Sai kuma Musbahu. Ɗan Funtuwa, ya zo umra ya manta hanyar filin jirgi. Yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Bani Malik. Ya zo gyara mana tamu, na ce masa daga bayan labule, "Mukayyif ɗin ya yi ta'aban, ba ya ba da baridi." Ya yi dariya har ya kusa faɗowa daga kan tsani.

"Hajiya, wannan Hausar taki da hel aka dafa ta?"

Na ji haushi ƙwarai. Da haushin ya kwana biyu bai tafi ba, na gane ba haushi ba ne. Lambarsa tana jikin takardar da ya manna a gefen na'urar. Na aika masa saƙo cewa tana ɗiga ruwa. Ba ta ɗiga komai. Ya amsa: "Zan zo in duba. In ba ta ɗiga ba ma zan duba."

Ba wanda ya tilasta ni a gidanmu, kada ku fara tausayina. Abin da muke da shi ya fi tilas wahala: muna da ƙa'ida. Duk mai neman 'yar Malam Abdulghaffar sai ya kawo sobiya majalisa a cikin azumi. Abuya ya ce daga sobiyar mutum yake gane haƙurinsa da tarbiyyarsa. Mazan yayyena biyu ta nan suka bi. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo ja mai kalar janbaki, har yau ban ji ya yi aure a Ammariyya ba. In Abuya ya yaba, an gama. In ya kushe, ba ɗaukaka ƙara.

Usman ya kawo tasa a farkon wata, daga shagon da ya fi kowanne suna, a cikin kula sabuwa fil. Inno ta aika da ita sama da farin kofin gilashi. Abuya ya kurɓa ya ce, "Ba ta da laifi. Ba ta kuma da labari." Baba Lado ya yi faɗa har rawaninsa ya kwance. Gwaggo ta ce wannan ai yabo ne, a Larabce. Aka bar maganar a rataye, aka sa wa Musbahu ranar Alhamis.

Ga saƙonninmu na makon nan. Har yanzu ina da wayar, 'yar Nokia mai fasasshen gilashi, a cikin akwatin sarƙoƙina.

Ni: "Ka je Balad ka sayi fara wurin tsohon nan na kusa da masallaci. Kada ka yi dabara."

Shi: "Saye? Ni da hannuna zan haɗa. Usman ya saya, me ya samu?"

Ni: "Ka taɓa haɗawa?"

Shi: "Wani Bayamane maƙwabcina ya koya min. Very simple. Ai ƙanwar kunun zaƙi ce."

Shi, ranar Laraba bayan buɗa-baki: "Na ɗanɗana. Wallahi Mastura, ko a Aljanna sai a nemi ƙari."

Shi dai, ranar Alhamis da la'asar: "Na bar ta ta kwana a waje, yau kuma na ɗora ta kan rufi ta sha rana. Haka Hajiyarmu take wa kunu in tana so ya yi ƙarfi. Yanzu na sa ƙanƙara."

Ku lura, mutumin nan sana'arsa gyaran firji. Firji uku ne a shagonsa a ranar, duk suna aiki. Ya ɗauki sha'irin da ya riga ya nuna, ya miƙa wa zafin ranar Jidda ta watan Oktoba, ya rufe jarka, kuma yana azumi, ba halin ya ɗanɗana. Ni kuma da na yi shekaru ina karanta yadda al'umma take ruɓewa, ban san yadda sha'ir yake yi ba. Na rubuta masa: "Allah ya sa albarka."

Na sa doguwar rigata mai kalar zaitun, mai duwatsu a wuya da bakin hannu, na yafa baƙin mayafi mai ɗinkin azurfa. Na tsuguna a kan kaskon turaren wuta har sai da Inno ta ce ko kifi ake ƙyafewa ya isa haka. Ana saura kaɗan a kira salla muka ji an buga ƙofa. Gwaggo ta riga ni zuwa taga.

Farar jallabiya ya sa, ta aro, ta tsaya masa a ƙwauri. Hular ƙube a kai, takalmi ya sha goga, jarka a rungume a ƙirji kamar jariri.

"La'ilaha," in ji Gwaggo. "Ɗan takari da jarkar fetur. Wannan ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Digirin naki na ido ne ko na me?"

Aka kira salla. Masallatan Ammariyya ba sa jiran juna, wannan ya fara, wancan ya shiga bakinsa, har unguwar ta cika. Maza suka ci dabino suka fita. Jarka ta iso kicin. Inno ta kurɓi ruwa ta shiga ɗaki yin salla, tana cewa, "Kada a taɓa komai sai na fito." Kullum haka take cewa, kullum kuma ana bi, domin Gwaggo ba ta saba hawowa kicin ɗinmu ba. Ranar ta hawo.

Ta murɗa murfin jarkar. Jarkar ta ce fisss.

"Har numfashi take," in ji Gwaggo. Mura take yi, hancinta a toshe, sobiya kuma ba ta sha, ta ce abin 'yan layi ne. Ni kuwa turaren da na yi wanka da shi ya kashe min hanci, ko mushe aka kawo sai in ce turaren oud ne. Ta juye a jug. Muka ji takun maza suna hawa sama.

"Gwaggo, Inno ta ce a jira ta."

"Ni na yi wa ubanki wanka yana jariri. Zan jira matarsa in zuba ruwa a kofi?" Ta buɗe kabad, ta wuce fararen kofuna, ta miƙa hannu can ciki ta ɗauko mai bakin zinare. "Wannan za a kai. Bari ya ga irin gidan da ya shigo, ya auna kansa, ya koma Bani Malik da mutuncinsa. Yalla, ɗauki."

Na san kofin. Wani lokaci shi Inno take aikawa, wani lokaci fari. A zatona wanda ya fi kusa da hannu take ɗauka.

Na hau, na yi sallama, na ajiye farantin gaban Abuya, na gaishe da iyayena ɗaya bayan ɗaya. Musbahu yana can ƙarshen tabarma ya naɗe ƙafa, yana kallon ƙasa kamar ya ga rubutu a jiki. Na sauko. Gwaggo ta wuce falo wurin sambusa da romon shurba. Inno ta fito tana naɗe sallaya, ta ga wurin farantin wayam. Ta karkata jarkar, ta tsiyayi ɗan abin da ya rage a murfi, ta kai baki.

Ban taɓa ganin mahaifiyata ta tofar da abu ba sai ranar.

"A'uzu billahi. Wannan ba ta kai ga haram ba, amma ta tambayi hanya." Ta kurkure baki. Sai ta juyo a hankali. "Wane kofi aka kai?"

"Mai zinare. Gwaggo ce ta..."

Ta dafa bango. Ta ja ni kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Saurara, Mastura. Tun zazzaɓin nan da ya kwantar da ubanki, shekarar da kika tafi Kano, ba ya bambanta zuma da ruwan gishiri. Ƙamshi ma ba ya ji. Ni nake ɗanɗanawa. In ta yi kyau in aika mai zinare, ya yaba. In ba ta kai ba in aika fari, ya rage mata daraja. Maganganun nasa ne, yana da su a ajiye. Kofin nawa ne."

"Wa ya sani?"

"Ni da shi da Allah. Yanzu ke."

Ban san lokacin da na hau matakalar ba. Na tsaya bayan ƙofar bene, na sa ido a tsagar katako. Na makara. Abuya ya ɗaga kofin sama yana duba shi a hasken fitila, ya riga ya kurɓa. Shi ba ya shanyewa, ya ce masani kurɓa yake, jaki ne yake sha.

"Jama'a," ya ce.

Fanka ta juya kai.

"Na sha sobiyar Makka. Na sha ta Madina a hannun wata tsohuwa da ba ta sayar wa wanda bai yi mata ba. Amma wannan..." Ya lumshe ido. "Wannan ba ta shigo da sallama ba, domin gidan nata ne. Sha'irin ya nuna bai wuce gona ba. Sukarin ya san matsayinsa. Akwai wani sanyi a ƙarshenta, irin na ɗakin kakata bayan an yayyafa ruwa. Yaro, wa ya haɗa wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Musbahu.

"Kai? Da hannunka?"

"Da hannuna. Na ba ta lokaci sosai."

"Lokaci! Kun ji? Abin da yaran yanzu ba su da shi. Lado, bismillah. Ina jiran jahilcinka."

Baba Lado ya jawo jug ya zuba. Ya kai baki.

Na ga wuyansa ya tsaya. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya riƙe kurɓar a baki kamar mai tunanin inda zai ajiye ta.

Masu karatu, ku tsaya ku ga abin da yake hannun mutumin nan. Ba sai ya yi ƙarya ba, ba sai ya yi sharri ba. Abin da ya saba yi kullum kawai zai yi: ya ce ruwan wanke tukunya, ya tura jug gaban Malam Na'ibi. Kurɓa ɗaya, kowa zai gane Malam Abdulghaffar ya yi waƙa a kan ruɓaɓɓen sha'ir. Kafin sallar asuba labarin ya kai Balad. Abuya ba zai sake hawa benen nan ba, kuma ba zai taɓa yafe wa wanda ya kawo jarkar ba. Usman kuwa sai ya zo ya ɗauke ni cikin ladabi, a mota mai sanyi.

Baba Lado ya kalli bakin zinaren da ke hannun Abuya. Ya kalli ƙofar da nake bayanta. Ya haɗiye.

"To?" in ji Abuya.

"Abdulghaffar," ya ce, muryarsa a shaƙe, "yau dai ka yi gaskiya."

Tsit. Har fankar sai da na ji kamar ta rage gudu.

"Me ka ce?"

"Ba zan maimaita ba, ba na son in saba." Ya ɗaga kofin ya shanye, ya sake cikawa, ya ajiye jug ɗin tsakanin ƙafafunsa.

Malam Na'ibi ya miƙo kofinsa. "To a sammana, mu ma mu ga ɗakin kakar nan."

"Kai da ciwon sukari? In kashe ka a watan azumi?"

"Ni ba ni da sukari," in ji Alhaji Mahmudu.

"Kana gab da samu. Ga shurba nan, ku sha."

"Lado, wace irin rowa ce wannan? Abin naka ne?"

"Shekara nawa ina shan shirme a benen nan? Yau an kawo ta gaske, ku da ba ku san fara da ja ba sai da ido, za ku ɓata ta? Halas. Tawa ce."

Malam Na'ibi ya ɗaga hanci. "Ni fa kamar ina jin wani ɗan tsami-tsami a iska."

"Safarka ce. Tun a masallaci nake haƙuri."

Musbahu, bawan Allah, ya matso. "Baba, ko zan ɗan taɓa? Yau ban samu na ɗanɗana ba."

"Mai neman aure ba ya shan abin da ya kawo. Al'ada ce."

"Tun yaushe?" in ji Malam Na'ibi.

"Tun kafin ka zo."

Ya sha na biyu. Ya sha na uku. Zufa ta keto masa daga ƙarƙashin rawani tana bin kunne. Tsakanin kofi da kofi yakan tsaya ya yi ajiyar zuciya ya ce "Masha Allah," da irin muryar da ake cewa "Inna lillahi."

"Olsarka fa, Lado?" in ji Alhaji Mahmudu.

"Olsar tawa ce ko taka?"

Abuya kuwa fuskarsa kamar an kunna fitila a ciki. Ban taɓa ganinsa haka ba tun kafin zazzaɓin, sai a lokacin na lura da daɗewar da na yi ban gani ba. Ya jingina, ya gyara hula, ya kalli Musbahu.

"Yaro, kana da manya a garin nan?"

"Akwai kawuna a Bani Malik, Baba."

"Bayan ƙaramar salla ka turo shi."

Alhaji Mahmudu ya yi gyaran murya. "Malam, ba don in shiga ba. Yaron nan fa an ce ba shi da iƙama."

"Lado ma da ya zo ba shi da ita," in ji Abuya. "Ga akurkin nan, ku tambaye shi. Ko ba haka ba, Lado?"

Baba Lado ya karkata jug ɗin, ya tsiyaye na ƙarshe har ɗigo. Ya kalli akurkin.

"Haka ne," ya ce. Ya shanye.

Na sauko. Inno tana tsaye inda na bar ta. Na gaya mata. Ta ɗora madara a wuta. Daga falo Gwaggo ta ɗaga murya, bakinta cike da sambusa: "An sallame shi?"

"An ce ya turo kawunsa, Gwaggo."

Na ji cokali ya faɗi.

Wayata ta yi ƙara. Musbahu, daga ƙarshen tabarma: "ALHAMDULILLAH!!! Kin ga amfanin rana? Baba Lado ya shanye duka shi kaɗai. Gobe zan haɗa masa wata, kyauta."

Na rubuta: "In kana sona kada ka sake taɓa sha'ir har ka mutu. Zan yi maka bayani bayan aure."

Sai muka ji taku a matakala, a hankali, mai nauyi. Baba Lado ne shi kaɗai, ya ce musu zai riga su zuwa alwala. Da ya iso daidai ƙofar kicin sai ya zauna a kan matakala, ya dafe ciki da hannu biyu. Inno ta miƙa kofin madara ta gefen labule. Farin kofi. Ya kalle shi, ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da nishi.

"Hajiya, ni fari ne matsayina?"



"Kabad ɗin nan," ya ce, "a sa masa makulli."

"Tun yaushe ka sani, Alhaji?"

"Mutumin da kullum nake zaune gabansa? Tun ranar da ya fara kallon kofi kafin ya kalli abin da ke ciki."

"Amma ba ka daina musu da shi ba."

"In na daina ai zai gane na gane." Ya kurɓi madarar. "Ta yau ma gobe zan rama. Zan ce masa azumi ne ya taɓa min kai."

Na leƙo ta bayan Inno. "Baba..."

"Ke, tafi can. Duk ke kika jawo, da digirinki." Ya zaro kwalbar farin maganin, ya girgiza, ya kafa kai. Ya goge baki da gefen rawani. "Yaron naki ba shi da hankali, amma da hannunsa ya yi. Nawa yaron kula ya saya."

"Usman fa, Baba?"

"Yana ƙofar gida cikin mota, yana jiran ya ji yadda aka yi. Ni zan gaya masa. Ba aikinki ba ne."

Ya kama bango ya miƙe. Ya sauka yana dafa shi, mataki bayan mataki. Daga sama muryar Abuya tana saukowa, yana ba Malam Na'ibi labari karo na biyu: "Har Lado! Kun ji da kunnenku. Na gaya muku, daga Bab Makka har bakin teku..."

Na je taga. Motar tana lungu, fitilarta a kunne. Usman ya fito da sauri ya buɗe wa ubansa ƙofa, ya sunkuya yana tambaya da Larabci, ya aka yi, me aka ce.

Baba Lado ya shiga a hankali, ya jingina kai, ya rufe ido.

"Yalla," ya ce. "Mu fara biyawa ta asibiti. Sauran zan gaya maka a hanya."